Jakar Barcin Da Na Saka 'Yata A Ciki

Assalamu alaikum. A shekarun farko na Jihar Jigawa ni ƙaramar yarinya ce, 'yar Aujara, na gama makarantar horon malamai ke nan aka yi mini aure. Maigidana ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Kano aka kawo Dutse, muka kama ciki da falo a wani gidan haya a Takur. Cikina na farko ya zube, na biyu ma haka. Da Allah ya ba ni na uku ya tsaya, na haifi 'ya mace, sai na zama uwa mai tsananin tsoro. Ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi. Abin da na fi tsoro shi ne sanyi, domin tun muna gida wankan jego take yawan mura, ga ta da shure-shure, kowane zani na lulluɓa mata sai ta ture shi da ƙafa.

Na dawo Dutse ba da daɗewa ba yayar maigidana ta sauka daga Makka. Mace ce mai kirki, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ni ma Yaya nake ce mata. Cikin tsarabar da ta ba mu har da wata aba da ban taɓa gani ba, jakar barci ta jarirai. Ruwan hoda ce, mai laushi, an cika ta da auduga kamar bargo, ga zif a gaba, ga hula a haɗe da wuyanta, amma babu inda hannu zai fito. Yaya ta ce tana ganinta a kanti ta tuna da kukan da nake yi na cewa yarinya ba ta zama da lulluɓi, ta ce wannan kam ba ta isa ta ture ba. Na yi godiya sosai, amma na ninke ta na sa a akwati, don zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Ina son masu karatu su sani, ban ɗauke ta haka kawai na zura yarinya a ciki ba. Na yi ta tambaya. Mahaifiyata da ta zo duba mu ta juya ta gaba da baya, ta ce ita dai ba ta yi mata ba, yaro a baya yake barci ko a gefen uwarsa, amma ba ta san kayan zamani ba, ba za ta hana ni ba. Maƙwabciyata ta ce ta ga irinta a gidajen manya a Kano, kuma 'ya'yansu lafiya lau. Maigidana ya ce in yi abin da na ga ya dace, sai dai ya ƙara da cewa Yaya za ta ji daɗi in ta zo ta ga ana amfani da ita. Akwai rubutu a jikin jakar, amma ba Turanci ba ne, ba Larabci ba, babu wanda ya iya karanta mana. Ranar rigakafi na yi niyyar tafiya da ita in nuna wa malamar asibiti, cikin sauri na manta ta a kan gado. Na yi mata bayani da baki, layi ya yi tsawo, yara suna ta kuka, ta ce in kawo ta gani da idonta in na dawo allura ta gaba. Wannan kuwa sai bayan wata guda.

Sai ga marka ta kama. Ruwa ba ya tsayawa, ɗaki ya yi sanyi, mura ta dawo wa yarinya. Na fito da jakar na zauna na yi mata nawa binciken. Na wanke ta na shanya. Na ga kan zif ɗin zai iya gurje mata haɓa, na ɗinka ƙyalle na rufe shi. Na ga igiya a jikin hular, na zare ta don kada ta shaƙe ta. Na lura jakar ta yi mata yawa, wuyan yana da faɗi, ƙasa kuma da sauran wuri sosai, amma wallahi murna na yi, na ce za ta daɗe tana mora kafin ta yi mata kaɗan. Na gwada ta ina zaune a gefe, yarinya ta yi barci mai daɗi irin wanda ta daɗe ba ta yi ba. Na sake gwadawa washegari, haka. Daga nan hankalina ya kwanta.

Ranar da abin ya faru an tashi da ruwa tun asuba. Da hantsi na ba ta nono, ta yi barci, na saka ta a jakar na kwantar a tsakiyar gado, na tsallaka tsakar gida zuwa madafa. Babu kananzir a gari lokacin, itace kuma ya jiƙe, na yi ta fama da wuta, hayaƙi ya cika mini ido. Kunnena yana ɗaki, amma ban ji komai ba sai ƙarar ruwa a kan kwano. Wannan shirun na ɗauka barci ne. Har na ji daɗi a raina cewa yau zan gama girki ba tare da goyo ba.

Da na ɗora tukunya na leƙo, sai na ga hula a kan gado babu fuska a cikinta. Ta yi ta shure-shurenta ne har ta zame ta shige can ciki, audugar ta rufe mata hanci da baki. Ban san yadda na zuge zif ɗin ba. Na ɗago ta sharkaf da gumi, jikinta ya saki, leɓɓanta sun yi baƙi. Ihun da na yi ne ya fito da maƙwabciyata. Ta karɓe ta, tana hura mata iska a baki tana murza mata ƙirji, ni kuwa ina tsaye ina ta salati, har muka ji wani ɗan ƙaramin nishi. Na fizge ta na fita titi ba takalmi, ba mayafi, wani ɗan acaɓa ya tsaya cikin ruwan nan ya kai mu asibiti.

Ta rayu. Ta yi kwanaki tana jijjiga, sannan ta lafa. Likita ya kira mu ni da maigidana ya ce numfashinta ya daɗe a toshe, ƙwaƙwalwa ta taɓu, iyakar taɓuwar kuma sai tana girma za a gani. Muka kuwa gani. Sa'o'inta suka zauna, ita wuyanta bai tsaya ba. Suka yi rarrafe, suka yi tafiya, suka fara kiran iyayensu, ita tana kwance inda aka ajiye ta. Mun je Kano ba sau ɗaya ba, an yi gashin ƙashi, an sha rubutu, wasu suka ce iska ce, ban musa wa kowa ba, amma ni na san abin da na gani a kan gadon nan. Jakar kuwa maigidana ya fita da ita tun muna asibiti, ban taɓa tambayarsa inda ya kai ta ba.

Babu wanda ya zarge ni. Maigidana bai taɓa furta komai ba sai cewa ƙaddara ce, mahaifiyata ma ba ta taɓa tuna mini maganarta ba. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne ranar da Yaya ta zo. Babbar mace, Hajiya guda, ta durƙusa a gabana tana kuka.

"Ni na kawo miki ita, ki yafe mini," in ji ta.

Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, ke alheri kika kawo. Don Allah ki tashi."

Daga ranar nan duk ƙarshen wata sai ta zo daga garinsu, ta yi wa yarinya wanka, ta shafa mata mai, ta ɗora ta a cinya ta yini tana yi mata hira, amma ni da ita mun yi shekaru ba ma iya haɗa ido.

'Yata ba ta taɓa yin magana ba, amma ta san muryata. In na shigo ɗaki na yi sallama sai ta buɗe baki tana murmushi, tana neman inda nake. Tana son ƙarar daka, tana son kunun gyaɗa. Na goya ta har ƙafafunta suna dukan bayan gwiwata. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ciwon ƙirji ya kama ta, Allah ya karɓi abarsa. Gari ya cika da baƙi ana ta murna, mu muna zaman makoki.

Na yarda da ƙaddara, na kuma san kwananta ba zai wuce yadda aka rubuta ba. Amma daga baya ma'aikatan lafiya sun fahimtar da ni abin da ban sani ba a lokacin. Irin wannan jaka ba a saya wa jariri da girma don ya mora. Dole wuyanta ya yi masa daidai yadda kansa ba zai shige ba, ta kasance da inda hannuwa za su fito, ba hula, ba kauri, a kwantar da shi rigingine, fuskarsa a buɗe. Ni na duba zif, na duba igiya, abin da zai cutar da ita kuwa na gan shi da idona na yi murna da shi.

Don haka 'yan'uwana mata, duk abin da za ki saka jaririnki a ciki ya yi barci, komai kyansa, komai girman wanda ya ba ki, in kina shakka ki ɗauke shi da hannunki ki kai wa ma'aikatan lafiya su gani, ki kuma jira amsarsu. In jariri ya yi shiru da yawa, ki bar tukunya ki je ki duba fuskarsa. Yanzu sa'o'in 'yata su ne ke wucewa ta ƙofar gidana goye da nasu 'ya'yan. Nakan tsayar da su in gyara musu goyo, in ga hancin yaro a waje, sannan in bar su su tafi. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, Allah ya sa mai ceto ce.