Sai An Zagaya A Ci Tuwo

Duk wanda ya taɓa sauka a gidanmu na Limawa ya san Baffa, mahaifin maigidana, ba ya barin baƙo ya kai loma baki sai ya zagaya da shi gidan kakansa. Gidan dai shi ne wanda muke ciki. Kakan malami ne, ya rasu tun kafin zuwan Nasara, amma a wurin Baffa kamar jiya ya fita masallaci. Da Baffa ya yi gyaran murya a zaure, mu mata sai mu bar tukunya a wuta mu shige ɗaki. Tuwon da na ƙona saboda wannan zagaye, Allah kaɗai Ya san yawansa.

Zai nuna buzu, ya nuna buta, ya nuna gafaka, sannan ya ɗaga takalmi ƙafa ɗaya. In an tambayi ɗayan, sai ya ɓata rai ya ce Malam ya jefi wani ɗalibi ɗan Garki da shi, ɗalibin ya gudu da abinsa. Har Baffa ya bar duniya, in ya haɗu da mutumin Garki ƙafarsa yake fara dubawa.

Ranar da dattawan Buji suka zo neman auren ƙanwar maigidana, tun hantsi ake zagaye har rana ta take. Babban cikinsu, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ga turmi a kife ya zauna. Baffa ya daka masa tsawa, ya ce a turmin nan aka daka wa Malam fura, kuma wanda bai san darajar turmi ba ina zai san ta mace. Na ji aure zai watse, na cire kunya na yi magana daga bayan asabari.

“Baffa, ai nawa ne. Da shi aka kawo ni.”

Baffa ya dubi turmin. Can ya ce, “To, ya kwana a gidan Malam, ya zama na Malam.”

Aure dai ya ɗauru, ni kuwa na rasa turmi. Ya hana a ƙara daka a ciki, na koma aro a maƙwabta.

Sai ga wani Bature mai rangadi, an ba shi labarin gidan. Baffa ya sa tafinta ya gaya masa ya tuɓe takalmi. Mutumin dogo, ƙofar zaure gajera, ya gwara goshi har yaɓe ya zubo. Hankalin kowa ya tashi, maigidana har ya fara tunanin inda za mu gudu. Baturen ya dafe kai, ya sunkuya ya shige. Daga ranar Baffa ya hana a yaɓe wurin, ya ƙara shi cikin zagaye: nan ne, in ji shi, Nasara ya rusuna wa kakansa.

Damina ɗaya, ina cikin jego, bangon ɗakina ya faɗi. Na tsaya a tsakar gida rungume da jaririya, ruwa na dukanmu. Akwai soron da Malam yake kwana, wanda Baffa ba ya barin ko tsintsiya ta shiga. Shi da kansa ya zare sakata, ya shimfiɗa mini buzun nan, ya hura wuta. Ya ce da mai ɗakin yana raye, shi zai fito ya ba ni.

Na yi kuka, na ce ashe tsohon nan ya sauya. Washegari da hantsi sai na ji gyaran murya, ya taho da baƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya lissafa musu abin da ke ciki, sannan ya ce, “Akwai kuma mai jego, amma ita sabuwa ce. Mu wuce.”

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata mana ranar ruwa, Ya haɗa shi da kakan nan nasa a Aljanna. Amin.