Shekara Tara Bayan Yaya Lawal da Ƙarfensa Mai Tsagewa

Da damanar bana yayana Lawal ya cika shekara tara a ƙasa, kuma har yau in aka tambaye ni aikin da ya yi a duniya sai in yi ta kame-kame. A Bakori mai walda ake ce masa, domin duk zuwan da zai yi hutu sai an tara masa garmunan shanu da suka karye. Ba ya musu, sai ya ari kayan aiki a bakin kasuwa ya gyara. Amma ainihin aikinsa yana can Kudu, a wata tashar wutar lantarki mai amfani da iskar gas, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ni na riƙe gonar gado, matarsa da 'ya'yansa kuma suna gidana.

Ya sha yi min bayani muna ɓarar masara. A cikin injinan nan, in ji shi, akwai wasu fukafukai na ƙarfen da aka haɗa da nikel, suna juyawa cikin wutar da za ta lanƙwasa ƙarfen garma kamar danƙo, su ko a jikinsu. Sai dai ranar da ɗaya ya guntule aka zo yi masa walda, ranar ake jin jiki. In wuta ta yi yawa, gefen ɗinkin waldar ya tsage. In hannu ya yi sauri, tsakiyar ta tsage. In an tsallake waɗannan aka mai da shi tanderu don ƙarfinsa ya dawo, a can ma yakan tsage, tsagar da ido ba ya gani. In kuwa an cike da ƙarfe mai laushi, ba tsaga amma ba ƙarfi: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Nakan gyaɗa kai kawai. A raina ina mamakin mutumin da zai bar iyalinsa saboda tsagar da ko ganinta ba a yi.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai ya faru ne wajen zaman makoki. Abokan aikinsa biyu suka zo gaisuwa. Mista Okon ya riƙe hannuna yana hawaye, ya ce tsarin da Lawal ya fitar na rage wuta da bin ɗinki sannu a hankali shi kowa ke bi. Da yamma Malam Tajuddin, Bayaraben da aka haifa a Funtua, wanda tare suka yi makaranta da Yaya, ya ce min ai an kusa daina gyaran gaba ɗaya, sababbi za a riƙa kawowa daga waje. Ba wanda na ga alamar ƙarya a fuskarsa. Har yau ban san maganar wa zan kama ba.

Yanzu ina jin wai na'ura ce ke yin irin wannan walda da wani siririn haske, ba hannun mutum. Da yana raye, murna zai yi ko kuwa zai ga an share masa wahalarsa? Wata rana in ce murna, kashegari in sake shawara.

Bara 'yarsa Bilkisu ta zo da jaririnta na fari. Muna zaune a tsakar gida ta ce, "Baffa, abin da ya hana Baba zama da mu, ya same shi kuwa?"

Sai na ba ta amsar da shi ya ba ni a gadon asibiti a Funtua, da na yi masa irin wannan tambayar. Ya ce min, "Ban kashe tsagar ba, Sani. Na dai rage ta."

Bilkisu ta gyara goyonta.

Ban san ko akwai fiffike ɗaya da ya bi ta hannunsa yana juyawa yau ba. Abin da na sani, ubanmu ya yi ta tuge ƙuduji, ciyawar da ke kashe dawa, a gonar nan har ya mutu, ni ma ina tugewa, bai ƙare ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce mun yi aikin banza ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa nisan da ya yi da mu.