Baba Mai Guga da Bencinsa

Ƙarfe huɗu na yamma Baba Mai Guga yake hura gawayi, ya jawo dogon benci bakin shagonsa. Kafin dutsen guga ya yi zafi, 'yan makaranta sun cika bencin, kowa da aikin gida na Turanci, wannan nahawu, wancan tambayoyin adabi. A maɗaba'a ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran kurakurai. Da aka rufe ta ya kama guga, amma Turancin bai bar kansa ba.

Shekara ashirin da shida bai taɓa riƙe wa yaro biro ba. Sai dai ka karanta da ƙarfi, shi yana gugarsa. Kana yin kuskure zai ɗaga dutsen, ba zai sauke ba sai ka gano da kanka.

Akwai yarinyar da ta faɗi jarrabawar Turanci sau biyu, har yayyenta suka laƙaba mata Sai-Baɗi. Kawunta ya ce in ta sake faɗuwa, karatu ya ƙare. Ta zo shagon da littafin adabi a hannu, tana cika tana batsewa.

"Baba, faɗa min amsar kawai."

"Ni zan shiga ɗakin jarrabawar? Mutumin nan na cikin labarin, me ya hana shi komawa gida? Faɗa min da Hausa tukuna, sarkin gaggawa."

Wata tara ta yi a bencin nan. Akwai ranar da dutsen ya tsaya a sama har gawayin ya mutu. Ita ta ƙi kuka, shi ya ƙi magana, har ta gano.

Da sakamako ya fito, ta kawo masa ta karanta da ƙarfi yadda ta saba. Dutsen bai ɗagu ba. Bai kuma motsa ba, sai da ƙauri ya tashi. Maƙwabta shaida ne, rigar da Baba ya taɓa ƙonawa ke nan a duk shekarunsa.

Ni ce Sai-Baɗi. Yau Turanci nake koyarwa, kuma masu laƙabin ni suke kawo wa 'ya'yansu.

Baba, ciwon baya ya sa za ka ajiye guga a ƙarshen watan nan. Kai ne malamin da ba allo ba albashi, mai gyaran riga da mai rigar. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk mai ɗan sani a cikinmu, ya samu benci ya ajiye a ƙofarsa. Nawa bencin, jiya kafinta ya kawo shi.