Masuncin da Bai Isa Makka ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa bayinSa hanyoyinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Muna yara a Argungu, idan an idar da sallar magariba, mukan kewaye murhun kakarmu Inna Hajo, tana gasa mana kifi tana ba mu tatsuniya. Akwai guda da na fi ƙauna, ita ce kuma ta fi ɗaure mini kai.

Wai wani masunci ne ya tambayi shamuwa nisan da ke tsakanin Argungu da Makka. Shamuwa ta ce ita bisa take bi, ba ta auna ƙasa, ya tambayi raƙumi. Raƙumi ya ce shi rijiyoyi yake ƙirgawa, kuma wasunsu sun ƙafe. Sai masuncin ya jingine gorarsa, ya nemi gafarar dangi, ya kama hanya da ƙafa. Inda guzuri ya ƙare, nan zai zauna ya yi noma, kaka ta yi ya ƙara gaba. Kowane dare Inna takan kai shi wani sabon gari, amma ba ta taɓa rufe tatsuniyar nan da ƙurunƙus ba.

Wata rana na gaji na ce, "Inna, wai yaushe zai isa?"

Ta ce, "Kai mijina, rago! Kai da zuwa Gulma nan kusa ka sa ka kuka, mi kas sani ga tahiya? Bari shi huta, ƙahwahunai sun kumbura."

Sai da na fara karatun littattafai mahaifiyata ta gaya mini cewa wan Inna, Malam Buhari, ya fita hajji da ƙafa tun Inna tana budurwa. Labarinsa na ƙarshe daga ƙasar Cadi ya zo. Har Inna ta rasu ba ta san ko ya ga Ka'aba ba, ba ta kuma yarda a ce ya mutu ba.

Da Allah Ya kira ni hajji, jirginmu ya tashi daga Birnin Kebbi bayan azahar, muka sallaci isha a Jidda. Na sha karanta nisan da ke halatta kasaru, amma ban taɓa tunanin za a naɗe ƙasa haka ba. Ana raba mana abinci wani maƙwabcina ya ce ai mun shiga Cadi. Na leƙa taga, na ga jan fili ba iyaka. A wani wuri ƙarƙashina Malam Buhari ya tsaya, ban san ko ina ne ba. Na mayar da murfin abincin, na yi ta yi masa addu'a har muka hangi teku, don kada in wuce kabarinsa ban yi sallama ba.

Allah Ya rubuta masa ladan niyyarsa, Ya jiƙan Inna, Ya sanya albarka ga mai karatu da iyalinsa. Amin.