Shayin da Ya Huce

A ofishinsu Mai Shayi suke ce mata, kuma ba ta damu ba, ko da yake ba don dafa shayi aka ɗauke ta ba. Aikinta shi ne ta zaunar da mutum gaban kwamfuta, ta ba shi sabuwar manhajar zane da kamfaninsu ke haɗawa, ta koma gefe ta zuba masa ido, don ta gane ko abin yana taimaka masa ya fito da abin da ke ransa, ko kuwa ɗaure masa hannu yake yi. Ni kuwa mai rubuta allunan shaguna ne. Rabin allunan titinmu aikina ne, har ranar da hawan jini ya kayar da ni, na tashi hannun dama yana rawa.

'Yata ce ta matsa min. Tana shirin buɗe shagon ɗinki, kuma tun tana ƙarama na yi mata alkawarin ni zan rubuta mata allo. Ta ce, "Baba, suna neman masu zane su gwada musu wani abu. Ka je mana, ko don ka fita daga ɗakin nan." Na tafi ina ƙunƙuni.

Ɗakin gwajin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, fanka mai ƙara, sai wani allon gilashi da ake zane a kai da alƙalamin roba. Matar ta ajiye min kofin shayi yana tururi, ta ce, "Malam, rubuta sunan shagon 'yarka yadda kake so. Ba kai muke gwadawa ba, na'urar muke gwadawa. Amma ka yi haƙuri, ba zan taimake ka ba, ko ka roƙe ni."

Daga baya na ji inda ta koyo wannan shirun. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, ta taso a gefen teburinsa, inda ba a yarda kowa ya ce uffan ba. Ta yi shekaru tana buga wa mutane takardu a shagon kwamfuta, tana ganin dattawa masu furfura suna daburcewa gaban allo suna zagin kansu, alhali laifin na'urar ne. Abin ya tsaya mata a rai har ta koma makaranta da goyo a baya.

Na ja alƙalami. Duk layin da ya fito a karkace, sai na'urar ta miƙe shi sambal. Nan da nan suna ya fito tsaf. Na shanye shayina na ce, "Ya yi kyau." Ta ɗaga kofin, ta leƙa ciki, ta ce, "Malam, in aka kafa wannan a titi, za a san kai ka rubuta?"

Na ce, "Ko ni ba zan sani ba."

Ina da wata al'ada a rubutu. Harafin ƙarshe nakan ja masa jela, ta lanƙwasa ta koma ƙarƙashin kalmar. Na'urar ta ɗauki jelar nan rawar hannu ce, ta datse ta. Na koma gida da baƙin ciki fiye da wanda na fita da shi, na ce wa 'yata ta nemi wani mai allon. Ta ƙi, don ta gaji taurin kaina.

Bayan wasu makonni sai ga matar har ƙofar gidana. Ta ce injiniyoyinsu sun sake aikin, yanzu ƙaramar rawar kawai na'urar ke cirewa. Na ce na gaji da zama abin kallo. Ta ce, "Ba alfarma zan yi maka ba, Malam, kai za ka yi min. Ba ni da wani mai jela sai kai."

Na koma, ta sake ajiye min kofin shayi mai zafi. Farkon abin ya ƙi ni, na yi tsaki, na ce ta nuna min inda zan taɓa. Ta cusa hannayenta ƙarƙashin cinya, ta ƙi nuna min. Raina ya ɓaci, na ja layin da ƙarfi, sai ga jelata ta fito, tawa ta kaina. Na goge, na sake ta da kauri. Na karkata haruffan, na mayar da jelar zare, na sa allura a ƙarshenta, abin da ban taɓa tunaninsa ba ina da lafiya. Da na ɗago kai, rana ta bar tagar.

Ta taɓa kofin da bayan yatsa. Cike yake, ya yi sanyi ƙalau. Ta ce, "Muna auna lokaci, muna duba sau nawa mutum ya gwada wata hanyar. Amma ni kofin nan nake fara dubawa." Har yau ban gama yi mata godiya ba.

Ranar da aka kafa allon, mai gyaran takalmin da ke kusurwa ya ɗaga kai ya ce, "A'a, mai allo ya warke ke nan?" Ban warke ba, ko kofi da hannu biyu nake riƙewa. Mai Shayi ma ta zo, 'yata ta kawo mata shayi. Ta tsaya a bakin titi tana kallon jelar nan, kofin a hannunta, har ya daina tururi. Ni kuma ban tuna mata ba.