Malamin da Ya Ƙi Koyar da Rabin Magana

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, wanda ya koyar da fiziks a wata sakandare a Birnin Kudu. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai taurin kai, kuma a kan kibiya guda taurin kan nasa ya ja masa wahala.

A littafin makaranta ana zana kibiya a nuna wuta tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta zaga waya, ta koma ta mai alamar ragewa. Haka masanan farko suka zata, aka bar abin a haka. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin da ke tafiya cikin wayar, wato ilektoron, akasin haka suke bi. Yaya ya ce dole yara su san duka biyun. Sai ya jera su kamar sahun salla, ya cire mutum ɗaya, ya ce a cike gurbin. Yara suna matsawa dama, gurbin yana komawa hagu. "Littafi gurbin yake bi, ilektoron kuwa ku ne," in ji shi.

Shugaban makarantar ya ce zai rikita yara su faɗi jarrabawa. Inna ma ta roƙe shi ya sassauta, ya ƙi. Ba a jima ba aka mayar da shi wata makarantar ƙauye mai nisa can wajen Dingaya, kullum yana kan babur, rani da damina, har jikinsa ya gaza.

Yau da zai leƙa kasuwar Gwaram ya ga samari suna haɗa sola, jar waya nan, baƙa can, na san zai yi murna. Sannan ya tsare su da tambaya har ya kore musu masu ciniki.

'Yarsa Rabi ita ma fiziks take koyarwa yanzu. Kwanan baya ta zo ta ce, "Baffa, an ce in tsaya a kan littafi kawai."

Tsoro ya kama ni. Na tuna mata abin da ya sami mahaifinta, na ce ta lallaɓa aikinta.

"Ai na riga na faɗa wa ɗalibaina duka biyun, Baffa. So nake in ji ko za ka hana ni."

Ban hana ta ba. Yayana bai bar mata gida ko gona ba, wannan halin ya bar mata, kuma ban ga abin da zan ba ta a madadinsa ba.