Abincin Baba Bayan Ganin Likita

Ranar da likita ya ce Baba ya rage ƙiba saboda ciwon suga, muna fitowa daga asibiti a Daura muka shiga wani gidan abinci kafin mu kama hanyar Mashi. Baba dillalin shanu ne, bai saba cin tuwo babu nama ba.

Ni na zaɓa masa abinci. Na ce a kawo dafaffen wake da kwaɗon zogale, kada a zuba mai. Lemon kwalba ma na hana, aka kawo ruwa.

Ya dubi farantinsa, ya dubi wani a gefenmu yana cin tuwon shinkafa, man shanu kwance a kan miya.

"Ko loma biyu ba za a ba ni ba?" in ji shi.

"Baba, ka ji abin da likita ya ce."

Bai sake roƙo ba. Ya cinye tas, har ya sa mini albarka. Wata huɗu na yi ina auna masa abinci haka. Kafin damina ta sauka ya rasu, kuma har yau ban san ko na kyauta masa ba.